Ranar da Aka Sa Kaka Tatsuniya da Rana

Wata tattaɓa-kunnena da ke makaranta a Wurno ta zo mani hutu da littafi a hannu, sabo fil, an manna masa wani tambari mai ruwan zinariya a goshi. Ta ce wai shi ya ci kyauta cikin littattafan yara. Na ce to, zauna ki karanta mu ji abin da ya ci. Labarin wani yaro ne da wasa ya ɗauke wa hankali har akuyar ubansa ta ɓace, ya yi ƙarya, ya dawo ya tuba, aka ga akuya, kowa ya yi dariya. Da ta rufe na ce, ya yi maki daɗi? Ta ce malamarsu ta ce yana da darasi. Na ce ba malamarku na tambaya ba, ke na tambaya. Ta yi ta murza gefen hijabi, can ta ce ita dai hotunan sun burge ta. Na ce, cikin waɗanda suka zauna suka ba shi kyautar, yaro nawa ne? Ta yi mani dariya, wai ai manyan masana ne. To ai shi ke nan. Manya sun zauna sun zaɓi abin da suke so yaro ya ji, sun ba junansu kyauta, sun tafa wa kansu. Ba yau aka fara ba, kuma ni ba labari aka ba ni ba, a jikina aka gwada.

Ban ce duk littafin da ya ci kyauta na banza ne ba. Yarinyar nan ta taɓa karanta mani wani da ya sa na manta da furar da ke gabana har ta tsinke. Amma irinsa kaɗan ne, kuma na san abin da ya raba shi da sauran: bai raina yaro ba. Yaro yana son labarin da ake jin tsoro a ciki, da yunwa, da babba mai zalunci, da ƙaramin da ya ƙi sakin abin da ya riƙe. Yana son waƙar da zai iya amsawa. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a shafa masa zuma a baki a ɗura masa wa'azi. Wannan ba a makaranta na koya ba, a gaban Kaka na koya, uwar ubana, a ƙauyenmu na bakin gulbi tsakanin Wurno da Goronyo, zamanin Nasara, tun kafin wani ya yi mafarkin datse ruwa a yi dam.

Bayan girbi, in an yi isha'i an ci tuwo, yaran unguwa kan taru a ƙofar ɗakinta. Ba a zaman banza. Kowa da tulin audugarsa a gaba, manya na gurza, mu ƙanana na tsince ƙwara, ita kuma tana kaɗi. Har yau in na yi shiru ina jin kukan mazarinta cikin 'yar tasa, da yadda take dangwalo alli da yatsa kafin ta murza. In hannun wani ya tsaya, labari ya tsaya, sai an dungure shi ya ci gaba. Dokarta ta biyu ita ce ba a tatsuniya da rana. Kowa ya san wannan, an ce mai yi ɓatan kai yake yi a daji, amma ita ta ɗauki abin da nauyi fiye da kowa. Takan ce da rana ido ke aiki, kunne hutu yake, duk abin da ka zuba masa zubewa yake yi. Kuma ba ta tsoron kashe mutum a labari. In matan gida suka ce, "Iya, za ki hana ɗiya barci," sai ta ce, "Yaro ba wawa ba ne, tsawo dai ne bai yi ba. In ban gwada mashi tsoro nan tsakar gida ba, can daji za shi gamu da shi, shi ɗai." Yanzu wa ke zama a waje bayan isha'i a ƙasar nan? Tun magariba ake turo ƙyaure saboda mutanen daji, yara kuma kowa ya kifa kai a waya.

Ina da shekara takwas Inna ta rasu. Ƙanwarta ce ta haihu a ƙetaren gulbi, ta shirya za ta je barka, ga damina ta yi nisa, ruwa ya cika har ya shanye fadama. Na ji ana cewa watakila ta kwana can. Ni kuwa na kama bakin zanenta a ƙofar gida, na yi ta birgima, na ce in ba ta dawo yau ba ba ni cin tuwo. Ta ɓamɓare hannuna tana dariya, ta tafi. Da la'asar ta shigo jirgin dawowa, jirgi ya kife a tsakiya. Sarkawa, masu su da fito, sun yi kwana uku suna nema, sun tsamo wasu, ita ba a gan ta ba. Aka yi zaman makoki, kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na ce haka da baki. A cikina kuwa na san abu ɗaya: da ban yi birgimar nan ba da ta kwana can, da tana nan. Ban gaya wa kowa ba. Na bar wasa, na bar gaɗa, na zama yarinyar da ake yabo wai ta yi hankali.

A girbin shekarar nan Kaka ta ɗauko wata tatsuniya da ba wanda ya taɓa ji, har manyan mata. Wata yarinya ce gulbi ya ɗauke wa uwa. Ta ɗauki ludayi ta je bakin ruwa, ta rantse sai ta kwashe gulbi kaf ta ga ƙasansa. Tana kwasa tana waƙa, mu kuma muna amsawa:

Gulbi, gulbi, ba ni Innata,
Wuta ta mutu, tuwo ya yi sanyi.

Ba a dare ɗaya ta ba mu ita ba, gutsure-gutsure take yi. Yau yarinya ta gamu da zalɓe, ya ce shi kifi yake kallo, bai ga kowa ba. Gobe ta gamu da kada, ya ce in ta ba shi ɗan yatsa zai faɗa mata, ta ba shi, ya haɗiye ya nutse. Jibi wani tsohon Basarke ya ce ta bi gaɓa ta yi ta tafiya har inda gulbi ke kwana, can kaɗai yake magana da mutane. Sauran yara daɗi suke ji, suna zagin kada. Ni kuwa audugata jiƙewa take yi da gumin hannu. Ba na barci sai na yi ta juya abu biyu: za ta same ta? Kuma in ta isa, mi gulbi zai ce ya sa ya ɗauke ta? Kaka ba ta taɓa kallona ba in tana yi, mazarinta kawai take kallo.

Yarinya ta kusa isa makwancin gulbi ke nan, sai wata rana da hantsi wani ya sheƙo daga gona yana cewa ga mai littafi nan bisa keke, da dogari a bayansa. A zamanin nan mai littafi abu biyu ke kawo shi, ko haraji ko rubuta yaran da za a kai boko. Kafin ka ce kwabo gari ya watse. Wasu aka tura cikin karan dawa, wasu ƙarƙashin gado. Ni da ƙanena ɗan shekara uku da ɗan Baffa, Baffa ya ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya ya jefa cikin ruhewa, rumbun ƙasa da ke tsakar gida, ya mayar da murfi. Ciki cike yake da sabon gero, ga duhu, ga zafi, ga ƙaiƙayi yana shiga ko'ina. Ashe mutumin ba yara ya zo nema ba. Malamin boko ne, an sa musu gasa su tara labaran yara a buga a littafi, ya biyo tun daga Rabah yana tsince-tsince, a Tursa aka ce masa in yana son tatsuniya ta gaske ya nemi tsohuwar bakin gulbi. Mai gari da kansa ya rako shi har cikin gida, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ruhewar da muke ciki.

Ina jin su sarai da farko. Kaka ta ce, "Malam, rana ta. Ba a yi da rana. Ka dakata a yi isha'i, ɗiya su taru, ka ji ta yadda taka." Malam ya ce shi ba zai kwana ba, yana da gari uku a gaba. Mai gari ya ce, "Iya, aikin hukuma na. Kada ki ja muna magana." Dogari kuwa sandarsa kawai na ji ya dangwarar. Sai na ji muryar Kaka ta fara, kuma wallahi da ƙyar na gane ta. Ba mazari, ba yara, ba mai amsawa. Kowane numfashi sai malam ya ce, "Dakata, Iya, alƙalami ba ya gudu." Da ta zo waƙa ya ce kada ta rera, ta faɗi kalmomin kawai. Ta faɗe su kamar mai kiran sunayen awaki. Duk da haka na manna kunne a bango, don na gane tamu ce take bayarwa, kuma yau za ta kai ƙarshe.

Ta wuce zalɓe, ta wuce kada, ta wuce Basarke. Yarinya ta isa makwancin gulbi, gulbi ya buɗe baki zai yi magana. Daidai nan ƙaiƙayi ya shiga hancin ƙanena, ya fara atishawa yana neman ɓarkewa da kuka. Ɗan Baffa ya ce, "Toshe mashi baki, za a kama mu." Na danne yaron a ƙirjina, na tura masa bakin zanena, yana shure-shure, gero na ruftowa a kanmu. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ya lafa, abin da na tsinta shi ne muryar malam yana cewa, "A'a, Iya, ai wannan ba ƙarshen da za a ba yara ba ne. Ina darasin?" Kaka ta ce, "Ƙarshenta ke nan." Ya yi 'yar dariya, ya ce ba komai, zai gyara. Ya ajiye mata goro, ya hau kekensa.

Da daren nan muka taru da audugarmu kamar kullum, jikinmu duk ya yi rudu-rudu da susa. Kaka ta fito ta yi kaɗinta, amma ba ta ɗauko tatsuniyar ba. Da muka matsa mata ta ce, "An ɗauke ta. Ta tahi Sakkwato cikin jakka. Ba a ba da abin da ba ka da shi." Haka gobe, haka jibi. Tun yara na zuwa har suka daina. Na bi ta ɗaki na roƙe ta, na ce ko a kunne ta raɗa mani, ta ce tatsuniyar da ta ga rana ta mutu, ba a tono gawa. A nan ita ma ban wanke ta ba, Allah ya jiƙanta. An ci mutuncinta a gidan ɗanta, gaskiya ne, amma fushinta da malam ni ya faɗa wa. Ni kuwa na ɗauki maganar malam na yi mata fassara irin ta yaro: tunda har babba ya ce ƙarshen bai dace da yara ba, to lalle gulbi cewa ya yi laifin yarinyar ne.

Ɓoyon ruhewa bai hana komai ba, shekarar da ta biyo aka rubuta ɗan Baffa aka kai shi elemantare a Wurno. Damina ta biyu bayan zuwan malam, ɗan Baffa ya zo hutu da wani ɗan littafi mai jan bango, yana ta hura hanci, wai tatsuniyar gidanmu ce ta ci kyauta a duk lardi, an ba malamin agogo, ga sunansa nan a gaba. Sunan Kaka kuwa ko a bayan bango babu. Aka taru a tsakar gida ya karanta, ita tana ɗaki, ta ce ba ta fitowa. An cire kada da yatsa, wai abin tsoro ne. An cire waƙa. An ƙara abin da Kaka ba ta taɓa faɗa ba: wai yarinyar marar jin magana ce, ta dami uwarta da rigima, shi ya sa gulbi ya karɓe ta don ya hore ta. A ƙarshe ta shiga ruwa har wuya, ta ce ta tuba sau uku, gulbi ya buɗe ya mayar mata da uwarta da tufafi masu kyau. Ƙasa an rubuta darasi: yaro ya bi iyayensa. Matan gida suka ce kai, malam ya iya gyara.

Ku da kuka tashi cikin takardu, har ƙosai a ciki ake naɗe maku, ba za ku gane ba. Mu rubutu biyu muka sani, na allo da na hukuma, kuma ba a musu da ko ɗaya. Ba mu san mutum na iya zama ya rubuta abin da ya ga dama a buga ba. Abin da na ɓoye shekara biyu a cikina, ga shi an karanto shi daga takarda a gaban kowa. Kuma takardar ta ce akwai magani. Ina da shekara goma, na san matacce ba ya dawowa. Amma ai ba wanda ya ga gawar Inna.

Washegari da safe na ɗauki tulu kamar zan je ɗebo ruwa, na wuce mashaya, na je inda jirgi ke tsayawa. Ruwa ja wur, yana tafe da itace da kumfa. Na ajiye tulu na shiga. Har gwiwa, har ƙugu, laka na jan ƙafata. Littafi ya ce har wuya, don haka na ci gaba. Na ce na tuba sau ɗaya. Ban kai ga na biyu ba ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina. Abin da na tuna bayan nan shi ne wani Basarke ya riƙe ni ta gashi, yana jijjiga ni da ka a ƙasa, ina amayar da jan ruwa. Shi ya saɓo ni har gida ya dire a ƙofar Kaka, ya ce, "Iya, ɗiyar ga ba zamewa tay yi ba. Da ƙahwarta tash shiga, tana magana da ruwa."

Baba ya ɗauko tsumagiya, Kaka ta ce ya ajiye. Ta tuɓe mani jiƙaƙƙen zane, ta naɗe ni da nata, ta ce, "Mi kinka je yi?" Na faɗa mata duka, har birgimar ƙofar gida. Ta aika aka kira ɗan Baffa, ta ce ya karanta mata abin da anka rubuta. Ya karanta mata. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da mutumin ga." Sannan, rana tsaka, kaji na tono a gabanmu, ta jawo ni jikinta ta ɗauko daga inda ta tsaya. Yarinya ta isa makwancin gulbi ta ce ya ba ta Innarta. Gulbi ya ce, "Ke yarinya, ni ban san sunan uwarki ba, balle naki. Na cika, na taho, na ɗauki abin da na ishe bisa hanya, itace da tunkiya da jirgi. Ban ji abin da kinka ce mata ba, ni ba ni da kunne. Ba ta dawowa. Koma gida, akwai masu jiranki." Yarinya ta yi kuka har ta gaji, ta tashi ta koma gida da yatsunta tara.

Na ce, "To Kaka, ai ni na ce ta dawo." Ta ce, "Na ji ki, ina nan zaune. Sau nawa kinka yi mata birgimar ga, tat tahi ta kwana abinta? Gayya ubanki yag gayyato wanshekare, mutum ashirin za su shiga gona, ita ad da dakan hura. Shi yam maido ta. Tun kahin ki tashi barci munka yi maganar da ita." Na yi kukan da ban yi ba ranar makoki. Baba yana tsaye da tsumagiya a hannu, bai san ma ana wannan ba sai ranar.

Da na girma na shiga ajin manya na koyi karatun boko, ba don komai ba sai don in karanta littafin nan da idona. Na karanta. Sai da ya yi shekaru yana yawo a makarantu, kuma ban san yaro nawa mai irin ciwona ya zauna a benci aka karanta masa cewa shi ya jawo ba. Mutumin bai zage mu ba, bai doke mu ba, na tabbata har ya mutu yana ganin alheri ya yi wa yara. Wannan ne ma ya fi ƙona mani rai.

A ranar dai, da kuka ya lafa, na tambayi Kaka mi ya sa ba ta gaya mani tun farko ba, tunda ta sani. Ta daɗe tana shafa kaina, sannan ta ce, "Ai shi nika yi. Don ke niy yi ta, sannu-sannu, yadda za ki iya ɗauka. Dare ɗaya yar rage."